Coci, mulki da zaman jama'a: Daga Turai ta zamanin da zuwa Wusasa, Sabon Gari da Samaru

Birnin Zariya ya yi suna wajen ilimin addinin Musulunci, kuma fadar Zazzau na cikin manyan fadojin Daular Usmaniyya. Sai dai a bayan ganuwa akwai unguwanni uku da tarihin Kiristanci a Arewacin Najeriya ba ya cika sai da su: Wusasa, Sabon Gari da Samaru. Makarantar mishan ta Zariya ce ta yaye likita na farko ɗan Arewa, da ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, da kuma sojan da ya mulki Najeriya shekara tara.

Coci ya kai ga wannan tasiri a ƙasar Zazzau alhali bai taɓa riƙe sarauta, ko kotu, ko baitulmali ba. A Turai kuwa, inda 'yan mishan suka fito, ya shafe ƙarnoni yana riƙe da dukkan ukun. Sanin yadda aka yi a can shi ke bayyana abin da 'yan mishan suka zo da shi, da abin da suka tarar, da kuma dalilin da ya sa har gobe ake muhawara a kan makarantu, filaye da dokokin wa'azi.

Lokacin da coci ke raba iko da sarakuna

Masana tarihi na kiran shekarun da ke tsakanin faɗuwar Daular Rum ta Yamma a 476 da wajen shekarar 1500 da zamanin tsakiya. Kafin nan, Sarki Kwanstantin ya halasta addinin Kirista a 313, sannan a 380 aka mai da shi addinin daula. Da daular ta wargaje, sojoji da masu karɓar haraji suka watse, amma bishop-bishop suka zauna a garuruwansu. Su ne masu karatu da rubutu cikin harshen Latin, don haka sababbin sarakunan da suka gaji Rum suka dogara da su wajen rubuta wasiƙu, adana dokoki da tura jakadu.

Ranar Kirsimetin shekarar 800, Fafaroma Leo na III ya ɗora wa Sarki Sharlaman kambin sarauta a birnin Rum. Tun kafin wannan rana, a 779, sarkin ya wajabta wa talakawansa biyan ushiri ga coci, wato kashi ɗaya cikin goma na amfanin gona da dabbobi. Ga kuma gonaki da dazuzzuka da masu hali ke bayarwa sadaka domin a yi musu addu'a. Da haka wasu bishop-bishop, musamman a Jamus, suka zama masu ƙasa da dakaru tamkar hakimai.

Coci na da dokokinsa da kotunansa. Shari'ar aure, wasiyya, rantsuwa da laifin malaman coci duk a gabansa ake yin su. Ya kuma sa hannu a harkar kasuwa: babban taron malaman coci na 1179 ya yanke cewa wanda ya shahara da ba da bashi da ruwa ba za a yi masa jana'izar Kirista ba. A Ingila, mai laifin da ya gudu ya shiga coci yana da kwana 40 kafin a taɓa shi. Gidajen masu zaman zuhudu su ne masaukin baƙi, wurin jinyar marasa lafiya da ma'ajiyar littattafai, kuma daga makarantun manyan majami'u ne jami'o'i irin ta Paris suka tsiro.

Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi, kuma sarki biyu a gari ɗaya sai an ji kansu. Babbar rigimar ita ce wa ke da ikon naɗa bishop. Fafaroma Giregori na VII ya kori Sarkin Jamus Henri na IV daga cikin jama'ar coci, ya kuma ce talakawa sun kuɓuta daga mubaya'ar da suka yi masa. A watan Janairun 1077 sarkin ya je Kanosa a Italiya, ya kwana uku yana tsaye cikin ƙanƙara kafin a yafe masa. Bayan shekara bakwai ya rama, ya kama birnin Rum, Fafaroman ya rasu yana gudun hijira a 1085. Sai a 1122 aka yi sulhu a garin Worms: coci ya ba bishop sandar addini, sarki ya ba shi ƙasa. A Ingila, fadawan Sarki Henri na II sun kashe Akbishop Thomas Becket a cikin majami'arsa a 1170 saboda jayayya kan kotunan coci. A 1208 Fafaroma Innocent na III ya rufe ibadun coci a Ingila baki ɗaya har shekara shida, domin ya tanƙwara Sarki John.

Wannan iko ya zo da jini. Kiran da Fafaroma Urban na II ya yi a 1095 shi ya buɗe yaƙe-yaƙen 'yan Salibi, aka kama Ƙudus a 1099, Salahuddin Al-Ayyubi ya ƙwato ta a 1187. A ƙarni na 13 aka kafa kotunan binciken aƙida domin farautar waɗanda ake zargi da bidi'a. Daga ƙarni na 14 sarakuna suka fara fin ƙarfin Fafaroma. Martin Luther ya yi tawaye a 1517, sannan a 1534 Sarki Henri na VIII ya zama shugaban cocin Ingila. Daga wannan coci, wanda sarki ke shugabanta kuma har yau bishop-bishop ɗinsa 26 ke da kujera a Majalisar Dattawan Birtaniya, aka kafa ƙungiyar mishan ta CMS a 1799.

Abin da ke ƙasar Hausa a lokacin

A daidai ƙarnonin da ake wannan ja-in-ja a Turai, addinin da ke shiga fada a ƙasar Hausa shi ne Musulunci. A zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, Shaihu Al-Maghili ya zauna a Kano, ya rubuta wa sarkin littafi kan yadda ake tafiyar da mulki. Limamai, alƙalai da magatakarda suka zama ginshiƙan fada. Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804 ya ƙara ƙulla wannan tsari, kuma a 1808 Malam Musa ya shiga Zariya da tuta, Sarki Makau ya yi kudu.

Daulolin Kirista da ke Afirka a zamanin tsakiya suna gabas ne, a Nuba da Habasha. A Habasha, shugaban coci daga Iskandariya ta Masar ake turo shi, kuma haka aka ci gaba har zuwa tsakiyar ƙarni na 20. Zuwa ƙasar Hausa kuwa sai jefi-jefi. Wasu fada-fada biyu na ɗariƙar Katolika sun taso daga Tarabulus, suka ratsa Agadas, suka iso Katsina, inda rashin lafiya ya kashe su a 1711. A 1894 Walter Gowans, ɗaya daga cikin mutum uku da suka fara ƙungiyar SIM, ya rasu a Girku da ke ƙasar Zazzau. Saboda haka, lokacin da 'yan CMS suka iso, kujerar da coci ya zauna a kai a Turai tana da mai ita a nan: malamai na da makarantunsu, alƙalai na da kotunansu, zakka na da masu karɓarta.

Zuwan 'yan mishan da alƙawarin Lugga

A 1900 ayarin mutum biyar ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell ya taso daga Legas. A cikinsu akwai wani likita mai suna Walter Miller, wanda ya koyi Hausa a Tarabulus. Sun yada zango a Zariya a zamanin Sarki Kwasau, suka wuce Kano, Sarki Alu ya umarce su da su bar masa gari. Suka dawo suka sauka a Girku, inda ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya rasu. Miller ya sake dawowa Girku a 1902, shekarar da sojojin Birtaniya suka kafa sansani a Zariya. A 1905, zamanin Sarki Aliyu Ɗansidi, aka ba shi wuri a cikin birni, ya buɗe ɗakin magani da makaranta.

Wannan izini baƙon abu ne a lokacin. A watan Maris na 1903, bayan cin Sakkwato, Gwamna Lugga ya yi alƙawari a bainar jama'a cewa gwamnati ba za ta tsoma baki a addinin Musulunci ba. Turawan mulki 'yan kaɗan ne, kuma da sarakuna suke karɓar haraji da tsare doka, don haka duk abin da zai ɓata wa sarki rai suna gudunsa. Suka mai da alƙawarin hujjar hana 'yan mishan zama a garuruwan Musulmi sai da yardar sarki da ta Razdan. Zariya ta zama babban birnin sarauta da mishan ya zauna a cikin ganuwarsa.

Miller ya tsara makaranta domin 'ya'yan sarakuna da wata domin malamai, inda za a koyar da rubutun boko. Lugga ya nuna goyon baya, amma ya bar Arewa a 1906. Wanda ya gaje shi, Percy Girouard, bai amince a damƙa tarbiyyar 'ya'yan sarakuna a hannun mai wa'azi ba. Gwamnati ta buɗe tata makarantar a Nasarawa ta Kano a 1909 ƙarƙashin Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, wanda shi kansa a matsayin ɗan CMS ya fara zuwa Arewa kafin ya koma aikin gwamnati. Tun daga nan ilimin boko a Arewa ya rabu gida biyu: na gwamnati da En'e ga 'ya'yan Musulmi, na mishan ga sauran jama'a.

Zaman Miller da fada bai yi daɗi ba. Ya riƙa kai ƙarar sarki da hakimai wurin Turawan mulki kan zargin zalunci da cinikin bayi, su kuma fadawa suna kallonsa a matsayin ɗan leƙen asiri. A 1920 aka tuɓe Aliyu Ɗansidi, sarki kuma fitaccen marubucin waƙoƙi, aka kai shi Lakwaja. Masana tarihi na lissafa rahotannin Miller cikin abubuwan da suka jawo hakan. Wannan ne lokacin da ɗan mishan ya fi kusa da taɓa gadon sarautar Zazzau, kuma sakamakonsa shi ne Turawan mulki da fada suka haɗu a kan ra'ayi ɗaya: mishan ya fita daga birni.

Wusasa: Makaranta, asibiti da littafi

Kiristocin farko na Zariya Hausawa da Fulani ne. Wasunsu zuriyar Isawa ne, mabiyan wani malami mai suna Ibrahim da ya fifita matsayin Annabi Isa (AS) a wa'azinsa, aka kashe shi a Kano a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, almajiransa suka watsu zuwa Ningi da wasu wurare. A wajen 1913 wasu daga cikin zuriyarsu suka haɗu da Miller, aka kafa musu ƙauye a Gimi. Ciwon barci ya yi wa ƙauyen mummunar ɓarna cikin 'yan shekaru, waɗanda suka tsira suka koma Zariya.

A 1929 mishan ya tashi daga birni ya koma Wusasa, kusa da dutsen Kufena, ƙarƙashin jagorancin Rabaran Guy Bullen. A can aka gina Cocin St. Bartholomew da ƙasa, bisa tsarin ginin Hausa, da makaranta mai wannan suna, da Asibitin St. Luke da har yau ke karɓar marasa lafiya Musulmi da Kirista. A shekarun 1930, da gwamnati ta sassauta, ta bar 'yan mishan su kula da mazaunan masu cutar kuturta tare da En'e, na Zariya ya faɗo a hannun CMS. Wusasa ta samu dagacinta a ƙarƙashin Sarkin Zazzau, wato Kiristocin garin suka zama talakawan sarki kamar kowa.

Ta fuskar harshe, a 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda Miller ya yi babban aiki a fassararsa. A 1934 G.P. Bargery, shi ma tsohon ɗan CMS da ya koma Ma'aikatar Ilimi, ya fitar da ƙamusunsa na Hausa da har yau ake dogaro da shi. John Tafida na Wusasa, tare da Rupert East, ya rubuta Jiki Magayi, ɗaya daga cikin littattafan ƙagaggun labarai biyar na farko da Hukumar Talifi ta Zariya ta buga.

Ɗaliban makarantar sun shiga mulki ta ƙofar aikin gwamnati. Dokta R.A.B. Dikko, wanda ya karanta likitanci a Birmingham, shi ne likita na farko ɗan Arewa. Yana cikin waɗanda suka kira tarurrukan 1948 da suka haifar da Jam'iyyar Mutanen Arewa, kuma shi aka zaɓa shugabanta a 1949, kafin ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa ta NPC a 1951. Sunansa ne asibitin koyarwa na Barau Dikko da ke Kaduna ke ɗauke da shi. Farfesa Ishaya Audu ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya kuma riƙe Ma'aikatar Harkokin Waje daga 1979 zuwa 1983. Janar Yakubu Gowon, ɗan mai wa'azin CMS daga ƙasar Angas, a Wusasa ya tashi, ya yi makarantar St. Bartholomew da Kwalejin Gwamnati ta Zariya, wato Barewa, kafin ya shugabanci ƙasa daga 1966 zuwa 1975.

Sabon Gari: Cocin da jirgin ƙasa ya kawo

Labarin Sabon Gari daban ne. Layin dogo daga Baro ya iso Zariya ya kai Kano a 1911, aka haɗe shi da na Legas a 1912. Daga Zariya aka ja reshe zuwa ma'adinan kuza na Jos, aka ja wani zuwa Gusau da Ƙaura Namoda. Garin ya zama mahaɗa, kamfanonin auduga da gyaɗa suka buɗe kantuna. Ana buƙatar akawu, direban jirgi, kafinta, makaniki da mai awo, kuma mafi yawan masu wannan ilimi a lokacin daga Kudu suke, ko daga Saliyo da ƙasar da a yau ake kira Ghana.

Turawa ba su so waɗannan baƙi su zauna cikin birni, don haka aka yanka musu filaye kusa da tasha. Dokar Garuruwa ta 1917 ta sa irin waɗannan unguwanni ƙarƙashin jami'in Bature, daga baya aka mai da su hannun En'e. Sabon Garin Zariya ya bambanta da na wasu garuruwa domin tun farko Hausawa Musulmi 'yan kasuwa da 'yan ƙwadago sun zauna a cikinsa da yawa, ga kuma Yarabawa Musulmi. Masallaci da coci a layi ɗaya tsohon abu ne a nan.

Yawancin majami'un Sabon Gari ma'aikata da 'yan kasuwa ne suka gina su da kuɗin aljihunsu: Angalikan, Katolika, Baptis, Methodist, da kuma ɗariƙun da aka kafa a ƙasar Yarabawa irin su Kerubu da Serafu. Ga baƙon da ya sauka daga jirgi ba shi da dangi, coci ne wurin da zai tarar da masu jin yarensa. A nan ake samar masa ɗaki, a haɗa shi da maigidan da zai koya masa sana'a, a shigar da shi adashi, a sasanta shi da matarsa, in ya mutu a yi karo-karo a binne shi ko a kai gawarsa gida. Kusan kowane babban coci yana da makarantar firamare a harabarsa, kuma 'ya'yan Musulmi mazauna unguwar da dama sun yi karatu a cikinsu. Irin hidimar da cocin Turai ya yi da kuɗin ushirin dole, na Sabon Gari ya yi ta da baikon ranar Lahadi.

A yau Sabon Gari ne mazaunin bishop biyu. Cocin Christ the King shi ne hedikwatar Katolika ta Zariya, wadda aka ba matsayin dayosis a watan Disambar 2000, George Dodo ya zama bishop na farko. Cocin St. George kuma shi ne na Angalikan ta Zariya. Wusasa na da nata bishop na Angalikan daban, da kwalejin horar da malaman coci ta St. Francis.

Samaru: Addini a harabar jami'a

Samaru ta tashi ne da tashar binciken aikin gona da aka kafa a shekarun 1920, sannan Kwalejin Fasaha da Kimiyya a shekarun 1950, sai Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe ranar 4 ga Oktoban 1962. Jami'ar ta gwamnati ce, Sardaunan Sakkwato ya kafa ta domin dukan 'yan Arewa, kuma an ba masallaci da majami'u wuri a harabarta, ciki har da Chapel of Redemption.

Da yawa daga cikin ɗaliban farko sun fito ne daga makarantun mishan na Kudancin Zariya, Filato, Binuwai, Adamawa da Kabba, domin a can ne aka bar 'yan mishan suka yi aiki ba takura. Wannan ya sa 'ya'yan ƙananan ƙabilu suka samu gurabe masu yawa a aikin gwamnati, soja, jinya da koyarwa. Ƙungiyoyin ɗalibai irin su FCS, wadda aka kafa a 1957, da takwararta ta Musulmi MSS, sun yi ƙarfi a Samaru. Daga shekarun 1970 wa'azi mai zafi ya ƙaru a ɓangarorin biyu, kuma abin da aka faɗa a harabar jami'a yakan isa kasuwa kafin magariba.

Karɓe makarantu

Bayan yaƙin basasa, gwamnatocin jihohi sun karɓe makarantun mishan. Hujjarsu ita ce haɗa kan ƙasa, daidaita manhaja da albashin malamai, da buɗe ƙofa ga kowane yaro ba tare da fargabar a sauya masa addini ba. A Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda ta zama Kaduna, an yi hakan a farkon shekarun 1970, zamanin Gwamna Abba Kyari. Aka sauya sunaye: Kwalejin St. Paul ta Wusasa ta koma Kufena, St. John ta Kaduna ta koma Rimi, Queen of Apostles ta koma Sarauniya Amina. Abin lura shi ne wanda ke shugabancin ƙasa a lokacin ɗan makarantar mishan ne.

Har yau ba a rufe wannan babi ba. Legas ta mayar da wasu makarantu ga masu su a 2001, Anambra ta bi sahu a 2011. A Kaduna shugabannin coci sun daɗe suna neman haka, suna cewa tarbiyya da gine-gine sun lalace a hannun gwamnati. Masu adawa na cewa an shekara fiye da 50 ana zuba kuɗin jama'a a makarantun, yawancin ɗaliban wasunsu a yanzu Musulmi ne, kuma in aka mayar da su kuɗin makaranta zai fi ƙarfin talaka.

Shekarun wuta

A ƙarshen watan Mayun 1966, bayan Dokar Soja mai lamba 34 ta Janar Aguiyi-Ironsi da ta soke tsarin tarayya, zanga-zanga ta rikiɗe ta zama kashe-kashe a garuruwan Arewa, har da Sabon Garin Zariya, aka kuma maimaita a Satumba da Oktoba. Rikicin na siyasa da ƙabilanci ne, amma da 'yan ƙabilar Ibo suka koma Gabas, majami'u da makarantu da dama sun zama kufai sai bayan 1970.

A watan Maris na 1987, rigimar da ta tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, inda aka ƙona masallatai, ta bazu zuwa Kaduna, Zariya, Funtuwa da Katsina. An ƙona majami'u masu yawa a Sabon Gari, Samaru da Wusasa, har da na cikin jami'a. Gwamnatin jiha ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Hansine Donli, ta tarayya ta kafa kotu ta musamman ƙarƙashin Mai Shari'a Karibi-Whyte. Rikicin Zangon Kataf na 1992 da na bayan zaɓen 2011 su ma sun taɓa Zariya. Ranar 17 ga Yunin 2012 aka kai harin bam Cocin Christ the King na Sabon Gari da wani cocin ECWA a Wusasa, Boko Haram ta ɗauki alhaki.

Kowane rikici ya bar tabo a kasuwa da unguwa. Shaguna sun ƙone, bashi ya nutse, abokan ciniki na shekara da shekaru sun rabu, iyalai sun sayar da gidaje sun koma inda masu addininsu suka fi yawa. Duk da haka Sabon Gari da Samaru na cikin wuraren da har yanzu Musulmi da Kirista ke haya a gida ɗaya, suna kuma cin kasuwa ɗaya.

Inda doka ta ajiye coci a yau

Sashe na 10 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin addinin gwamnati. Sashe na 38 ya ba kowa 'yancin addini, da sauya shi, da yaɗa shi, ya kuma hana tilasta wa ɗalibi koyon addinin da ba nasa ba. Coci ba shi da kotun da hukuncinta ke hawa kan ɗan ƙasa, kuma zakkar da mabiya ke bayarwa ta ganin dama ce. Bayan rikicin shari'a na shekarar 2000, gwamnatin Ahmed Makarfi ta tsara kotunan shari'a ga Musulmi da kotunan gargajiya ga waɗanda ba Musulmi ba, tare da kotunan majistare da kowa ke zuwa.

Akwai wuraren da coci da gwamnati ke haɗuwa a takarda. Dokar Aure ta 1914 ta ba majami'ar da ke da lasisi ikon ɗaura auren da kotu ke amincewa da shi, kuma babbar kotu kaɗai ke iya raba shi. Filin coci, kamar na masallaci, yana ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta sa ƙasa a hannun gwamna, shi ya sa takardar mallakar fili ke yawan zama abin ƙorafi. Rajistar amintattun coci na hannun Hukumar CAC, kuma Dokar Kamfanoni ta 2020 ta jawo ce-ce-ku-ce saboda ikon da ta ba hukumar na dakatar da amintattu. Gwamnati na da hukumar alhazai da hukumar masu ziyarar ibada ta Kirista, tana kuma ba da hutun Kirsimeti da Ista kamar yadda take ba da na Sallah da Mauludi.

Muryar coci a siyasa na fitowa ne ta Ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya, CAN, da aka kafa a 1976, kamar yadda ta Musulmin Arewa ke fitowa ta Jama'atu Nasril Islam da aka kafa a 1962. Shugabannin addinan biyu na zama tare a majalisar NIREC tun 1999, kuma a Kaduna sun sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ranar 22 ga Agustan 2002. A matakin Zariya, duk lokacin da hankali ya tashi, limamai da fastocin Sabon Gari, Samaru da Wusasa kan hallara ne a wuri ɗaya da kakanninsu suka sani tun 1905, wato fadar Sarkin Zazzau.